Ƙararrawa ba ta san birkila ba

A gidajenmu, duk abin da ke da waya da maɓalli mu ake miƙa wa. Tunda mun shiga jami'a ai mun zama injiniyoyin gida, ko da Tarihi muke karantawa. Shi ya sa idan aka tashi gyaran gida gabanin biki ko Sallah, kula da ƙararrawar tsaro a wuyanmu take, kuma a lokacin ne ta fi kukan ƙarya.

Ba lalacewa take yi ba, aikinta take yi. Na'urar gano hayaƙi mai aiki da haske tana kuka ne idan wani abu ya shiga cikinta ya watsa hasken, don haka ƙurar siminti da ta yankan tayil duk hayaƙi ne a wurinta. Ta jikin ƙofa kuwa gida biyu ce, da maganaɗisu a ɓangare ɗaya. Kafinta na cire ƙofar, ko ya mayar da ita a ɗan karkace, sai ta ɗauka an shigo. Mai fenti ma, da kyakkyawar niyya, yakan ɓalle murfin na'ura don kada ya ɓata ta, bai san akwai ɗan makunnin da ke tayar da jiniya idan an buɗe ta ba.

Abin da ya fi damunmu ba ƙarar ba ce. A Ingila, 'yan sanda kan daina amsa kiran gidan da ƙararrawarsa ta yi ƙarya sau 3 cikin wata 12. Mu a nan ba mu da rubutacciyar doka, amma maƙwabta da 'yan sintirin unguwa haka suke yi. Ranar farko kowa ya fito da tocila da gora. Rana ta huɗu sai dai a gyara kwanciya a ce, “Gidan masu aikin nan ne.” Alhali a makonnin nan ne gidan ya fi zama a buɗe: tagogi a cire, tsani a jingine da katanga, baƙin fuska na shiga da fita.

Wasu iyayen, don gajiya, cewa suke a kashe ta gaba ɗaya sai an gama. Ba mu goyi bayan haka ba. Yawancin na'urorin suna ba da damar a tsallake ɗakin da ake aiki kaɗai, sauran gida na nan a tsare. Mukan rufe ta hayaƙi da murfin ƙura da safe, mu cire da zarar ma'aikata sun tashi, don ba a kwana da ita a rufe. Shugaban ma'aikata mu ba shi lambar sirri tasa daban, mu goge ta ranar da aka sallame shi. Kafin mai wayarin ya yanke wuta kuma, sai mun duba batirin ajiya, domin wanda ya tsufa kan sa ta kuka da tsakar dare.

Maƙwabta kuwa da ƙafa muke zuwa mu gaya musu: daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma ana aiki, in sun ji ta bayan magariba, su fito.