Daga Matazu Zuwa Malumfashi a Bayan Mashin: Gilashin da Ya Kusa Ja Mana

'Yar uwa, in kin taɓa hawa bayan mashin da sanyin safiya a watan Disamba, kin san yadda iskar hunturu ke yi wa fuska. Ido ya yi ta hawaye, leɓe ya tsage, mayafi ya yi ta kaɗawa kamar zai bar ki. A garinmu Matazu ba a raba mu da mashin. Shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko buhun masara daga gona, shi ke kai amare da 'yan suna ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma rabin tafiye-tafiyena na aiki da na zumunci a bayan ƙanena nake yin su, wanda duk gidanmu Auta muke ce masa.

Hunturun bara 'yar ƙanwar mahaifiyarmu ta haihu a wani ƙauye da ke gefen Malumfashi, aka ce ni da Auta mu wakilci gida. Da na fito da safe sai na tarar Boxer ɗinsa ta canza kama. Ya ɗaura mata wani dogon gilashin roba a gaba, tsawonsa har ya wuce kansa in ya zauna.

"Auta, wannan kuma fa?"

"Yaya, maganin iska ke nan. Irin na Turawan nan masu zaga duniya a kan mashin. Yau ko hawaye ba za ki yi ba."

Gaskiya da farko na ji daɗinsa. Muka bi ta Musawa muka yi kudu, hanya shar. Duk wanda bai ga wannan yanki bayan kaka ba, bai san arzikin Katsina ta kudu ba. An yanke dawa an jingine kara tsibi-tsibi, mata na sussuka a bakin gonaki, amalanken shanu na tafe a hankali da buhunan masara da waken suya. Can gaba ka hango gonar auduga da ragowar fari-fari a jikin itacenta, irin audugar da ta sa sunan Funtuwa da Malumfashi ya yi nisa tun zamanin kakanninmu. Hazo ya rufe sama, rana ta koma kamar faranti.

Amma tun kafin mu yi nisa na lura da abu biyu. Na farko, iskar da gilashin ya kare wa Auta ba ɓacewa ta yi ba, zagayowa take ta bayansa ta riƙa bugun kaina ta gefe da gefe. Na biyu, duk lokacin da babbar mota ta wuce mu sai in ji kan mashin ya karkata, Auta ya ƙara damƙe shi.

Aka yi suna lafiya, muka ci tuwon masara da miyar kuka, muka ga jaririya. Da la'asar sakaliya muka kamo hanya, domin a halin tsaron da yankinmu ke ciki ba mai son magariba ta same shi a daji. Daga ƙauyen zuwa kwalta hanyar burji ce da yashi, rana kuma ta sauko tana kallon fuskarmu. Gilashin ya sha ƙura tun safe, Auta ya yi ta goge shi da hannun riga, duk ya yi zane-zane. Da hasken rana ya bugi wannan zanen sai gilashin ya koma fari fat kamar an watsa masa koko. Bai ga kwazazzabon da ruwan damina ya bari ba sai da tayar gaba ta faɗa ciki. Muka zube a yashi.

Allah ya taƙaita. Ni na kurje a gwiwar hannu, shi kuwa bakin gilashin ya tsaga masa haɓa, da muka isa gida ni na wanke masa na rufe. Ina wanke ciwon ina tunanin abu ɗaya: da safe saura kaɗan in ɗauko ɗana mai shekara huɗu in ɗora shi a kan tanki, yadda kowa ke yi. Da ya zo, fuskarsa ce daidai wannan gilashin.

Bayan kwana biyu na raka Auta wurin wani dattijon makaniki, na kuma bi diddigin maganar da kaina. Ga abin da na fahimta, ki isar wa maigida ko ɗanki ko ƙaninki.

Gilashin gaban mashin ba a yi shi don a leƙa ta cikinsa kamar na mota ba. Mota na da abin share ruwa da ƙura, mashin ba shi da shi. Aikin gilashin shi ne ya ture iska sama ta wuce ƙirji da wuya, mai tuƙi kuma ya kalli hanya ta samansa. Saboda haka tsawon da ya dace shi ne bakinsa na sama ya tsaya daidai tsinin hancin mai tuƙi in ya zauna. Ta haka idonsa na sama da gilashi, yana ganin ƙasa tun daga kamar mita 15 a gabansa ba tare da wani abu ya shiga tsakani ba. In ya wuce ido, ƙura da ruwan sama da hasken fitilar mota da daddare duk za su makantar da shi. In kuma ya gajarce da yawa, sai ya tattaro iska ya zuba masa a fuska.

Awon ba wuya. Mai mashin ya hau, mashin na tsaye sak ba a jingine ba, ya yi irin zaman da yake yi in tafiya ta yi nisa, ba zaman ɗaukar hoto ba, domin mutum kan ɗan rusuna in ya gaji. Wani ya ɗauki tef ɗin tela ya auna daga saman fitilar gaba zuwa daidai hancinsa, yana bin kwanciyar da gilashin zai yi. Wannan awo na mutum ɗaya ne. Gilashin da ya yi wa dogo daidai ya yi wa gajere tsawo, don haka gidan da wa da ƙane ke karɓa-karɓar mashin ɗaya, a auna da gajeren.

Makanikin ya ƙara mana da maganar nauyi. "Hajiya, waɗancan mashinan na Turawa ba irin namu ba ne," in ji shi. Gaskiyarsa. Babban mashin ɗin doguwar tafiya irin Honda Gold Wing ya ninka Boxer kusan sau uku a nauyi, gilashinsa a jikin gangar mashin yake ba a kan abin tuƙi ba, samfurin 2018 ma da maɓalli ake ɗaga shi a sauke shi. Namu kuwa a kan abin tuƙi ake ɗaure shi, duk iskar da ta buge shi hannun mai tuƙi take ja. Ƙarfin iska kuma in gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Abin da ya sa kan mashin ke karkata ke nan in tirela ta wuce.

Ya rage wa gilashin Auta kusan taƙi guda, ya goge bakin da ya yanke har ya yi sumul, ya sa robobi a ƙarƙashin notika don kada girgiza ta tsaga shi, bai kuma matse su da ƙarfi ba. Sannan ya juya kan mashin dama da hagu har ƙarshe, ya tabbatar bai taɓa tanki ba, bai danne wayar birki ba, bai kare fitila ba. Ya ce a riƙa zuba masa ruwa ƙura ta sauka kafin a share da tsumma mai laushi, kada a goge shi a bushe, kada a sa masa fetur. Kuma ko da wasa kada a ɗaura gilashin taga ko na mota, na roba mai ƙwari kaɗai.

Sai abin da ya shafi aikina. Gilashi ba ya maye gurbin hular kwano. Tun ranar 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta, har wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su kauce wa kamu. An yi dariya a lokacin, amma wanda ya taɓa karɓar mai raunin kai a asibiti ba ya dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa bayyana cewa hular da aka sa daidai na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100. Tun da ido na sama da gilashi, yana buƙatar tabarau ko murfin hula. In kuwa ƙwaro ko tsakuwa ta faɗa idon wani naki, kada ya murza, kada a ɗiga masa nono ko a sa masa kwalli. A wanke da ruwa mai tsabta, in bai daina suka ba a kai shi asibiti a ranar.

Makon jiya muka sake bin hanyar Musawa ni da Auta. Iska na ɗan taɓa goshinsa, ya yi mitar cewa na sa an lalata masa ado. Na ce ya yi haƙuri, gara sanyi a goshi da ɗinki a haɓa. Ke ma kafin ki hau bayan kowa, ki dubi inda bakin gilashinsa ya tsaya. In ya rufe masa ido, ki yi magana, domin ranki da na ɗan da ke goye a bayanki suna kan mashin ɗin. Yaro kuwa kada ki yarda a ɗora shi a tanki. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.