Ranar da Na Ƙulle Naman Kawuna a Leda

Kawuna mahauci ne a Agege, cikin birnin Legas. Gadon fawa ya yi, domin mahaifinsa ma da ita ya riƙe iyalinsa a Kano. Kullum da asuba yakan tafi mayankar Oko-Oba ya saro nama, kafin ƙarfe takwas ya shimfiɗa shi a teburinsa a kasuwa: tsoka a gefe ɗaya, ƙashi da kitse a gefe ɗaya, hanta da tumbi da sauran kayan ciki kuma a cikin daro. Ba ya yanka wa kowa sai mai saye ya nuna inda yake so. Sa'annan ya yanka, ya ɗora a sikeli, ya ƙara gyara, ya sa a leda.

Ina aji huɗu na sakandare na je wurinsa hutu. Kafin nan na taɓa shiga wani babban kanti a Ikeja, na ga yadda ake sayar da nama a can. An jera shi a ƙananan farantai, an rufe da siririyar leda, an manna takarda mai nuna nauyi da farashi. Naman ja wur, babu ƙuda ko ɗaya. Tun daga ranar, in na dubi teburin kawuna da ƙudajen da yake kora da mafici, sai in ji kunya.

Wata Asabar aka aiko masa cewa maƙwabcinsa ya rasu. Da zai tafi jana'iza ya ce mini, "Ɗana, ka kula da naman nan. Kada ka yanka sai an nuna maka." Na ce, "To, Kawu." Yana ba da baya na ɗauki wuƙa. Na yanka tsoka kilo goma sha biyu, na sa kowane kilo a farar leda, na ƙulle tam don kada iska ta shiga. Na jera su a gaban tebur, inda rana take haskawa, don kowa ya gani.

Wadda ta fara zuwa wata Bayarabiya ce mai sayar da abinci, wadda ta daɗe tana ciniki da kawuna. Ta ɗauki ƙulli ɗaya, ta juya shi, ta ce da Hausa, "Yaro, ina Alhaji? Me ka ɓoye a ciki?" Na ce, "Mama, sabon tsari ne." Ta ajiye, ta wuce tebur na gaba. Har azahar ƙulli huɗu kawai na sayar. Sauran kuwa gumi ya lulluɓe cikin ledarsu, ruwan jini ya taru a ƙasa, launin naman ya dushe.

Bayan la'asar kawuna ya dawo. Ya kwance ƙulli ɗaya ya shinshina, ya yi shiru. Ni da na so ya zage ni ma, da ya fi mini sauƙi. Can ya ce, "Naman da aka yanka da asuba da ɗuminsa yake zuwa. Ka toshe masa iska, ka sa shi a rana. Ai ka dafa shi ne ba da wuta ba."

Ana cikin haka wani mai gidan abinci ya ce a bar masa a rabin kuɗi, wai in ya sha yaji babu wanda zai gane. Kawuna ya ce, "'Ya'yan mutane ne za su ci." Ya zubar da kilo takwas. Naman nan kuwa bashi ya karɓo shi, sai da ya yi mako biyu yana biya kaɗan-kaɗan.

Daga baya na fahimci cewa abin da na gani a kanti matakin ƙarshe ne kawai. Kafin a rufe nama a can, sai an sanyaya shi ya sauko zuwa kamar digiri 4, domin sanyi yana hana ƙwayoyin cuta saurin yaɗuwa. A ƙarƙashinsa akwai abin da yake tsotse ruwan jini, ledar kuma iska tana ratsa ta, shi ya sa naman yake zama ja. Kawuna ba shi da firij. Abin da yake da shi iska ne da inuwa, da sayarwa kafin rana ta faɗi. Abin da ya rage ya kai wa masu tsire. Ledarsa ta hanya ce kawai, daga kasuwa zuwa tukunya. Ban ce tsarinsa ba shi da aibi ba. Ƙura da ƙuda da hannun kowa a kan nama har yau ba sa yi mini daɗi.

Yanzu ina da ɗan shagon nama, da firij da janareta saboda ɗaukewar wuta. Ranar da kawuna ya fara zuwa, bai ko dubi ƙullin da na jera ba. Ya buɗe firij ya zura hannu, ya daɗe yana jin sanyin, sa'annan ya tambaye ni nawa nake sayar da kilo.