Kafin ka kwance cikin injin ban ruwa

'Ya'yana masu garake a Dallol Mawri, tun daga Matankari har Kore Mairuwa da Tibiri, Allah ya ba ku abin da mutanen tudu ke nema ido rufe: ruwa kusa da ƙasa. Sai dai akwai wata ɗabi'a da nake gani tana cinye muku ribar dankali da albasa. Da zarar ruwa ya rage ƙarfi a bakin tiyo, sai yaro ya ƙure wutar inji, in bai gamsu ba ya ɗauko sifana ya kwance shi. Alhali galibi injin lafiyarsa lau.

Injin da ke zaune a bakin rijiya iskar cikin tiyo yake ragewa, nauyin iskar sarari ya danno ruwan ya hau. Wannan dannowa tana da iyaka. A lissafin masana ba ta wuce mita 10 da 'yan kai ba, a garka kuwa da wuya ka samu fiye da 7 ko 8. Saboda haka in watan Maris ya kama, ruwa ya ja ƙasa, babu makaniken da zai ƙara maka ko kamu ɗaya. Maganin shi ne ka haƙa rami gefen rijiya, ka sauke injin kusa da ruwa.

Kafin nan ma, bi tiyon jan ruwa da hannunka. Huda mai girman bakin allura ta isa ta sa inji ya yi ta shan iska yana tofar da kumfa. Ɗaure ta da robar tsohon tub. Kada ka sa wa inji mai baki inci 3 tiyo mai inci 2 don ya fi araha, ka shaƙe shi ke nan, kamar mai gudu da aka toshe wa hanci ɗaya. Matacin gindin tiyo kuma ka ɗaga shi daga ƙasan rijiya. Rairayin dallol ɗinmu laushi gare shi, amma shi ke goge farfela har ta daina riƙe ruwa. In ta goge, sayi sabuwa. Masu kai ta wurin mai walda a ƙara mata fiffike suna samun ruwa na kwana kaɗan, sannan rawar da take yi ta kashe boris, inji ya fara yoyo.

Ƙure wuta kuwa asara ce tsantsa. In ka ƙara gudun inji da kashi 10 cikin ɗari, ruwan da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba, amma ƙarfin da yake ci yana hawa da wajen kashi 33. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa a iyakar nan ya san darajar lita guda.

Wannan tsada ce ta ƙara tura manoma ga mayar da injuna su yi aiki da gas na girki, kuma gyara ne da nake yabawa, in an yi shi da hankali. Sa tiyon gas na ainihi, ajiye tukunyar a inuwa nesa da bakin hayaƙi, ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda ya yi kumfa, akwai yoyo.

Abin da ya fi damuna shi ne ramin nan da na ce ku haƙa. A cikinsa hayaƙin inji ke taruwa, kuma gubar da ke kisa a cikin hayaƙin ba ta da wari. Mutum yakan ji kansa ya yi nauyi, ƙafafu su saki, ya kasa hawowa. Don Allah kada ka tura ƙanenka ya sauka ya duba tiyo inji na aiki. Kashe shi tukuna, ka bari iska ta ratsa ramin, kuma wani babba ya tsaya a sama da igiya a hannu har mai saukar ya fito.