Amurka a Shekarun Ambaliya da Ƙura

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Haɗeja ya san cewa jinga ba ta shanye ruwa, tura shi take yi wajen wani. In mutanen wannan gaɓa suka ɗaga tasu, na waccan gaɓa ne za su kwana a tsaye. Mun gani a 2020, mun sake gani a 2022, lokacin da matasa suka yi ta cika buhunan ƙasa dare da rana har aka kare mafi yawan gari, amma shinkafar Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ta tafi. Shi ya sa da na zaga kudancin Amurka da tsakiyarta, labarin talakawanta na dā bai zo mini baƙo ba.

Ƙasa ce mai jihohi 50 da mutum sama da miliyan 330, arewarta sanyi kudunta zafi, suna zaɓen shugaba duk bayan shekara huɗu. Babban koginsu shi ne Misisipi, kuma a 1927 ya yi cikar da har yau tsofaffi ke ba jikoki labarinta. Mutum fiye da 600,000 suka bar gidajensu. Kafin jingogi su fara ɓallewa, kowane gari sai da ya zuba masu gadi da bindiga a kan tasa, domin kowa ya san in ta maƙwabci ta fashe, tasa ta huta. Mutumin kirki, mai zuwa coci, ya kwana yana fatan ruwa ya ci na tsallake.

A birnin New Orleans, manyan 'yan kasuwa da masu bankuna ne suka yanke shawarar fasa jinga don ceton birnin. Ranar 29 ga Afrilu aka fara sa wa jinga nakiya a wani wuri da ake kira Caernarvon, aka juya ruwa kan ƙauyukan masunta da masu ɗana tarko, aka kwashe mutum kusan 10,000. An yi musu alkawarin diyya, aka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Daga baya ma aka gane ko ba a fasa ba birnin zai tsira, don jingogin da suka ɓalle a sama sun riga sun rage ƙarfin ruwan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na garin Greenville. Jinga ta ɓalle a arewacinsa ranar 21 ga Afrilu, baƙaƙen fata wajen 13,000 suka taru a kan tudun jingar da ta rage, da 'yan komatsansu. Jiragen ruwa suka zo kwashe su. Masu gonakin auduga suka ce a'a, in waɗannan suka tafi wa zai yi noma? Jiragen suka juya da mata da yaran Turawa 'yan ƙalilan, aka bar sauran a hannun sojoji suna dakon kaya ba lada. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna. Da ruwa ya janye, kowane magidanci ya zauna da iyalinsa: ko ya ci gaba da noma gonar wani ana raba amfani, bashi na bin bashi, ko ya bar kaburburan iyayensa ya hau jirgin ƙasa zuwa Shikago inda bai san kowa ba. Da yawa sun hau.

Sai dai dole in yaba wa Amurkawa a kan abu guda. A 1928 suka yi doka, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin kogin, aka ware filayen da za a sakar wa ruwa in ya yi yawa, aka biya masu filayen tun kafin ranar ta zo. A watan Mayun 2011, da ruwa ya tasam ma garin Cairo na jihar Illinois, aka fasa jingar Birds Point, gonaki eka 130,000 na jihar Missouri suka nutse. Jihar Missouri ta kai ƙara kotu, ta sha kaye, manoman sun yi kuka. Amma sun san da zancen tun zamanin kakanninsu, a rubuce yake. Mu kuwa tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, manomin fadama yakan ji labarin an sako ruwa ne a rediyo, ko kuma ya gan shi a gonarsa. Ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, yana bin inda ya ga dama.

Mutanen bakin Misisipi sun burge ni wajen ladabi. Yaro ba ya amsa wa babba da "e" ko "a'a" tsurarsa, sai ya haɗa da kalmar girmamawa, kuma baƙo ba ya wuce ƙofar gida ba a ɗaga masa hannu ba. Abincinsu ma na gida ne: tarwaɗa ce ake birkima a garin masara a soya, ga miyar kuɓewa a kan shinkafa, ga wake da ganye. Mai masaukina, wani dattijo baƙar fata, ya gane ba na cin naman alade, sai ya sa matarsa ta ware mini tukunya daban, bai ce mini komai ba. Da lokacin salla ya yi ya buɗe mini ɗakin 'yarsa. Ranar Lahadi kuwa garin tsit yake yi, kowa ya ci ado ya tafi coci, tsofaffin mata a sahun gaba da manyan huluna, ba mai zama sai sun zauna.

Daga nan na nufi yamma, inda jihar Oklahoma ta haɗa iyaka da Kansas da Teksas, fili fetal ba itace. A shekarun 1920 alkama ta yi kuɗi, aka sa tarakta ta tuge ciyawar da ta riƙe ƙasar tun fil azal. Sai tattalin arziki ya karye a 1929, bankuna kusan 9,000 suka rufe cikin 'yan shekaru da ajiyar mutane, a 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. Ana cikin haka fari ya sauka. Iska ta ɗebi ƙasar gona ta yi sama da ita. Ranar 14 ga Afrilu, 1935, wadda suke kira Baƙar Lahadi, rana tsaka ta koma dare, kaji suka shige akurki. Hazon hunturunmu wasa ne a kan wannan. Mata suna liƙa jiƙaƙƙun zannuwa a taga, duk da haka yara suna mutuwa da ciwon huhu.

Tsakanin 1934 da 1935 gwamnati ta sayi shanu sama da miliyan 8 daga manoman da fari ya ci. Waɗanda suka rame ƙwarai a nan take ake harbe su a tura rami, mai su na tsaye. Wanda ya ga farin 1973, ya ga Bafillace ya sayar da saniya a kan kuɗin tiyar gero, ya san abin da ke cikin zuciyar mutumin nan. Ya karɓi 'yan dalolin ya ciyar da yara, ko ya riƙe garken da ya gada ya zuba ido yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya?

Wasu suka ɗaure katifa a kan tsohuwar mota suka nufi Kalifoniya. Can aka tarbe su da wulaƙanci, har a 1936 'yan sandan Los Angeles suka tare iyakar jihar suna mayar da marasa kuɗi, 'yan ƙasa ɗaya. Wannan ƙaura ta bambanta da cin ranin da muka sani, inda mutum zai je Kano ko Legas ya sauka wajen ɗan garinsu, damina ta faɗi ya dawo gona. Su in sun tafi sun tafi ke nan, banki ya riga ya karɓe gonar.

Mafi yawa dai sun zauna, kuma a cikinsu aka yi abin da na fi so a tarihin ƙasar. In banki ya zo yin gwanjon gonar wanda ya kasa biyan bashi, sai maƙwabta su cika wurin. A ɗaga doki, wani ya taya kwabo biyar, kowa ya yi shiru. Baƙon da ya yi niyyar ƙarawa, sai ƙarti su matso kusa da shi, wani lokaci ma ga igiya an rataye a ƙofar rumbu. A saye gona da kayanta a kan 'yan kwabbai, a mayar wa mai ita. Gayya ce tsantsa, a ƙasar da ake cewa kowa tasa ta fisshe shi. Bayan haka gwamnati ta koya musu noman da ke riƙe ƙasa, aka kuma dasa itatuwa sama da miliyan 200 don tare iska.

A wani gidan tsofaffi a Oklahoma na zauna da wata tsohuwa da ta haura tasa'in. Na ce, "Kaka, me kika fi tunawa?" Ta ce, "Ɗana, kakarmu." Ranar da za su bar garinsu, motar ba ta da wurin kowa da kowa, kakar kuma ba ta iya doguwar tafiya. Mahaifinta ya kai ta gidan gajiyayyu na gunduma, ya ce zai dawo. Ta rasu kafin ya tara kuɗin mai. Har ya mutu, in ji ta, bai ƙara ambaton sunan garin ba.

Ban iya ganin laifin mutumin ba, amma na kasa sabawa da abin da ya biyo baya. Gidan tsofaffin da muke zaune tsaf yake, ga magani ga abinci a kan lokaci, sai dai 'ya'yanta suna wata jiha, sukan zo sau ɗaya ko biyu a shekara. A Haɗeja, ko ambaliya ta kai mutane makarantar firamare, tsohuwa ce ake fara ɗorawa a kwalekwale, kuma ɗan da ya bar uwarsa a hannun baƙi ba zai iya zama a majalisa ba. Su hanyar da suka bi daban ce. A 1935 shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar fansho ta ƙasa, domin kada tsoho ya sake dogara da aljihun ɗansa, kuma ta fitar da miliyoyin tsofaffi daga yunwa. Amma dokar ta tsame 'yan ƙodagon gona da masu aikatau a gidaje, wato mafi yawan baƙaƙen fatar kudu, irin waɗanda aka bari a kan jingar Greenville. Sai a shekarun 1950 aka shigar da su.