Ranar Da Sahun Farko Ya Rasa Ni



Ƴan uwa jama'ar masallaci, darin bana ya fara shigowa, tari ya fara yawa a cikin sahu, shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin wata rana guda daga rayuwata. Alhamis ce cikin watan Janairu na 2021, a nan Maradi, lokacin da cutar korona ta sake ɗagowa karo na biyu.

Na farka kafin kiran farko. Iskar hunturu tana kaɗa kwanon rufi, ƙura ta shigo ta ƙasan ƙofa ta kwanta a kan tabarma. Butar da na manta a tsakar gida ta kwana a waje, da na taɓa ruwan sai da yatsuna suka ƙage. Uwargida ta riga ta hura gawayi ta ɗora tukunya, ta sirka mini ruwan alwala. Akwai masu ganin kamar ɗuma ruwa ragwantaka ce. Ba haka ba ne, alwala da ruwan ɗumi ta inganta. Lada yana ga cika alwalar, a kai ruwa har gwiwar hannu da dugadugai, wuraren da sanyi yake sa mutum ya yi musu shafar gaggawa.

Kwana uku ke nan ina tari, jikina da ɗan zazzaɓi. Ban damu ba, domin wane ne ba ya tari da dari? Abin da ya tsayar da ni shi ne man kaɗe. Na buɗe gwangwanin zan shafa wa faso, na kai shi hanci, ban ji komai ba. Man kaɗen da warinsa ke cika ɗaki! Na ɗauko kwalbar turare, shiru. Na tuna a rediyo an sha faɗin cewa ɗaukewar jin ƙamshi tana cikin alamomin wannan cuta.

Na sa babbar riga, na naɗa rawani, na kai har zaure. Uwargida ta biyo ni ta ce, "Malam, da wannan tarin za ka tsaya kusa da Baba Ladan?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta koma wurin tukunyarta.

Shekara da shekaru wurin tsayuwata ɗaya ne, sahun farko, kafaɗata da kafaɗar ladaninmu. Dattijo ne da ya haura saba'in, yana fama da ciwon suga da hawan jini, irin mutanen da lokotoro suka ce cutar ta fi kayarwa. Na tsaya a zaure har aka tada iƙama ina jin ta a lasifika. Sai na cire takalmi na koma ɗaki, na shimfiɗa buzu na yi sallata ni kaɗai.

Dole in faɗi gaskiya a kaina. Lokacin da aka sami mutum na farko mai cutar a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, kuma hukuma ta rufe masallatai, ina cikin masu gunaguni. Azumi ya kama babu asham a masallaci, abin ya yi mana ciwo ƙwarai, sai ranar 13 ga Mayu aka sake buɗewa. A wannan shekarar babu alhajin Nijar ko ɗaya da ya tafi Makka daga gida. Bakina ya faɗi maganganu da yawa a majalisa, har da cewa cutar masu shiga jirgi ce. To ga shi yau ta yiwu ta kwana a ƙirjina, ni da ban taɓa shiga jirgi ba.

Da gari ya waye hazo ya rufe rana, ta fito fara fat kamar faranti, ana iya kallon ta ido da ido. Na zauna bakin taga ina kallon titi, abin da ban taɓa samun sukunin yi ba. Mai ƙosai ta kafa kaskonta, mutane sun kewaye ta, rabinsu wutar suka zo ji. Ƴan lakwal sun wuce cikin rigunan sanyi na gwanjo, leɓunansu sun tsattsage. Ɗan kabu-kabu ya wuce da takunkumi a fuska, na yi dariya a raina, domin tun kafin korona ƴan kabu-kabu suke rufe hanci saboda ƙura, yanzu kuma ƙyalle ɗaya yana aiki biyu. Wani mai baro ya turo rake, wani kuma salati da kabeji da tumatir, domin dari shi ne lokacin arahar kayan lambu.

Maƙwabcina ɗan kasuwa ya fito yana ɗaure kaya a mota da fara'a. Iyakar Najeriya da aka rufe tun watan Agusta na 2019 an fara buɗe ta a tsakiyar Disamba. Sama da shekara guda mutumin nan yana cin jarinsa. Ya hango ni ya nufo tagar da hannu a miƙe. Na ɗora hannu a ƙirji na ce, "Alhaji, daga nan, mura nake." Ya tsaya turus, ya ce Allah ya sawwaƙe, amma na ga fuskarsa ta canja. A wurinmu ƙin karɓar hannu ba ƙaramin abu ba ne.

Da hantsi ɗana ya kai ni likita a bayan babur, kowa da takunkuminsa. Aka duba jini babu zazzaɓin sauro. Ma'aikaciyar ta ba ni maganin zafin jiki, ta ce in koma gida in keɓe kaina mako biyu, in numfashi ya fara yi mini wuya a dawo da ni ba tare da jinkiri ba. Mako biyu, wato Juma'a biyu. Wannan lissafin na yi ta yi a hanya.

Salula kuwa ba ta huta ba. Wannan ya turo a dafa ganyen dogon yaro a yi sirace, wancan ya ce citta da lemun tsami, wani ya turo murya mai tsawo yana rantsuwa babu cutar, tunda ga tarukan siyasa cike maƙil. Lokacin ana tsakanin zagaye na farko na zaɓen shugaban ƙasa, wanda aka yi ranar 27 ga Disamba, da zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu. Na sha cittar, ta yi wa maƙogwaro daɗi. Amma maganar taron siyasa ba ta zame mini hujja ba. Cikar wani fili da jama'a ba za ta wanke ni ba idan tarina ya kwantar da dattijon da ke gefena.

Bayan la'asar sai na ji sallama a zaure. Baba Ladan ne da sandarsa, ya lulluɓa da bargo. Asuba bai gan ni ba, azahar da la'asar ma haka, ya taso gaishe ni. Na yi maza na ce wa yara kada a shimfiɗa masa tabarma a ɗakina. Na tsaya daga bakin ƙofa, tsakar gida tana tsakaninmu.

Ya ce, "Ɗana, yau kuma ni ake tsayarwa a zaure?"

Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Tsoro nake kada in shafa maka abin da ke jikina."

Ya ce, "Wanda kwanansa bai ƙare ba, tari ba ya kashe shi."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma kai ka karantar da mu cewa wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya nisanci masallaci don kada warin ya cutar da jama'a. In wari ya kai a nisanta, ina ga cuta?"

Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Haka Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Babu wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu." Ya ɗaga hannu daga inda yake tsaye ya yi mini addu'a doguwa, muka shafa. Da zai juya ya ce, "Wurinka yana nan. Zan sa wani ya tsaya, amma aro ne."

Da magariba wani almajiri ya kawo kwanon kunu daga gidan Baba. Yaron riga ɗaya ce a jikinsa, ƙafa babu takalmi, shi ma yana tari. Na yini ina tunanin tarina da matsayina a sahu, ban tuna ko sau ɗaya da yaran da ke kwana a rumfar makarantar allo ta bayan gidanmu ba, suna jin ɗumin karan da suka tsinto. Uwargida ta buɗe akwati ta fito da barguna biyu da tsofaffin rigunan sanyin yara, aka bi shi da su.

Juma'a ta farko ta yi mini nauyi. Ina jin huɗuba daga nesa, na jira aka idar na yi azahar raka'a huɗu. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun lissafa rashin lafiya cikin uzurorin da ke sauke wajibcin Juma'a, na san wannan tun ina yaro a zaure. Sanin hukunci a littafi da sauƙi. Aiki da shi ranar da mutane za su ce wane ya fara sakaci, a nan ne na gane cewa wani ɓangare na zuwana sahun farko don idon jama'a ne. Na nemi gafarar Allah a kan haka.

Ƙamshi ya dawo mini a kwana na goma sha ɗaya, warin daddawa daga madafa ne ya fara shigowa. Baba Ladan bai kwanta ba a wannan darin, shi ya kira sallar asubar da na koma.

Abin da nake roƙon mu da shi a wannan dari kaɗan ne. Wanda yake zazzaɓi da tari mai ƙarfi ya yi sallarsa a gida har ya samu sauƙi, kada kuma mu bi shi da zargi, mu bi shi da gaisuwa ko da ta salula ce. Wanda tarinsa kaɗan ne ya rufe baki, kada ya matsa wa dattawa. A ɗuma wa tsofaffi ruwan alwala, wanda kuma yake tsoron ruwa zai ƙara masa ciwo, shari'a ta ba shi taimama. A duba akwatuna a fitar da abin rufa, makarantun allo suna kusa da kowa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kare ƙasarmu daga annoba. Amin.