Tohon gora a tukunyar mutanen Sin

A jihar Jejiyang ta ƙasar Sin, manomi ba ya jira duk gora ta girma. Cikin watan Maris da Afrilu, da sassafe yake ɗaukar hauya ya shiga kurmin gora. Tohon da ya fara leƙowa, shi yake tonowa. In ya yi sake kwana kaɗan, ya zama icce, ba ya ciwuwa.

Uwargida ta ɓare shi, ta yanka. Amma ba ta zuba shi cikin nama tukuna. Ɗanyen toho yana da guba irin ta rogo mai ɗaci. Sai ta tafasa shi sosai, ta zubar da ruwan. Wadda ta yi gaggawa a nan, ciwon kai da amai ta jawo wa iyalinta.

Sannan ta soya naman alade mai kitse da ɗan sukari, har ya yi ja. Musulmin ƙasar ba su taɓa alade, naman shanu ko kaza suke sawa. Ta sa citta, da baƙin ruwan waken soya mai gishiri, da tohon. Ta rage wuta, wajen awa guda.

Tohon ya shanye kitsen, sai a ci da shinkafa. Sau da yawa shi ke fara ƙarewa a kwano, nama na nan.