Idan Aka Rufe Duniyar, Ina Za Mu Kai Littattafan?



Ranar Alhamis da ta wuce, saura minti arba'in wa'adi ya cika, muka tura takardarmu ga kwamitin shirya babban taron shekara-shekara na ma'aikatan laburare. Mu uku ne: biyu muna aiki a laburaren manyan makarantu, ɗaya kuma a gidan adana takardun tarihi. Abin da muka roƙa shi ne a ba mu awa uku mu gudanar da taron bita a kan ƙagaggun duniyoyi na kwamfuta. Takardar shafi ɗaya da rabi ce kacal, amma mako biyar ta ci mana, kuma saura ƙiris ta raba mu.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, ƙagaggiyar duniya wuri ne da aka gina a cikin kwamfuta, da tituna da gidaje da ɗakuna. Kana shiga da wani mutum-mutumi da ke wakiltarka, ka yi tafiya, ka haɗu da mutanen da ke wasu garuruwa, ku yi magana, har ku gina abu tare. Wasu da tabarau na musamman ake shigarsu, wasu kuma kwamfuta kawai ta isa. Tun da Facebook ya sauya wa kamfaninsa suna zuwa Meta a 2021 maganar ta yawaita a bakin shugabanninmu. Duk wanda ya dawo daga taro a waje sai ya tambaye mu yaushe namu laburaren zai shiga.

Takardarmu ta farko cike take da zumuɗi. Mun rubuta cewa za mu kai mahalarta yawon buɗe ido, su ga laburaren gobe, inda ɗalibi zai ɗauki littafi daga kanta yana kwance a ɗakinsa. Mun sa kalmomi masu nauyi, irin waɗanda muke zaton kwamiti na so. Da muka gama sai muka ce bari mu kai wa Baba ya duba mana.

Baba tsohon shugabanmu ne, ya yi ritaya da daɗewa. A hannunsa biyu daga cikinmu suka koyi rubuta katin littafi, lokacin da ake jera katuna a akwatin katako mai aljihuna. Muka same shi bayan la'asar a ƙofar gida. Ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau, ya ce:

"'Ya'yana, filin da za ku gina wannan laburaren na wa ne?"

Muka ce, "Baba, na kamfani ne, amma kyauta ake shiga."

Ya ce, "To, ranar da mai filin ya ce ku tashi fa? Ina za ku kai littattafan?"

Ba wanda ya amsa a cikinmu, domin amsar tana da ciwo kuma mun san ta. A baya mun taɓa gina wani ɗan ɗaki a wani dandalin kyauta. Mun rataya hotunan shafukan wasu rubuce-rubucen ajami da wani gida ya ba mu izinin ɗauka, kowane shafi da bayaninsa a gefe, har da muryar wani malami yana karantawa. Wata huɗu muka yi muna aikin, da datar aljihunmu. Da aka sanar cewa za a rufe dandalin, kowa a cikinmu ya ɗauka ɗan'uwansa ya sauke kayan. Hotunan muna da su a wani wuri. Amma tsarin ɗakin, da bayanan da muka rubuta kai tsaye a ciki, da sautin muryar malamin, duk sun tafi. Malamin kuwa Allah Ya yi masa rasuwa bayan nan. Laifin namu ne, mu da ake biya albashi don kada abu ya ɓace. Kuma a cikin takardar da muka kai wa Baba ko kalma ɗaya ba mu ce a kan wannan ba.

Daga nan muka koma muka karanta tarihin abin, wanda da shi ya kamata mu fara. Ashe hanyar da muke ɗokin shiga, abokan sana'armu sun bi ta tun tuni. Kamfanin Linden Lab na San Francisco ya buɗe Second Life a 2003. A 2006 wata haɗakar laburarori ta jihar Illinois a Amurka, Alliance Library System, ta kafa laburare a ciki, a wurin da aka fi sani da Info Island. Ma'aikata daga ƙasashe daban-daban suka riƙa karɓa-karɓa a teburin amsa tambayoyi, don sa kai. A shekarar ce kamfanin dillancin labarai na Reuters ya buɗe ofis a can, a 2007 kuma Suwidin ta buɗe ofishin jakadanci. Jami'o'i suka yi ta kama fili suna gini. Sai a 2010 kamfanin ya sanar da janye rangwamen rabin kuɗi da yake yi wa makarantu, da yawa suka tattara suka fice. Laburaren bai mutu ba, masu sa kai sun ci gaba da riƙe shi da sunan Community Virtual Library, amma gine-gine masu yawa sun shafe.

Wasu duniyoyin ma gaba ɗaya aka rufe su. Google ya buɗe Lively a 2008, bai ƙare shekarar ba ya rufe. Microsoft ya rufe AltspaceVR a 2023. Mozilla ta daina gudanar da Hubs a 2024. Hatta Laburaren Majalisar Dokokin Amurka sai da ya ɗauki nauyin wani bincike daga 2008 zuwa 2010, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Illinois, a kan yadda za a adana irin waɗannan duniyoyi. Cikin wahalhalun da masu binciken suka ci karo da su har da haƙƙin mallaka: a wuri guda kujera ta wani ce, bango na wani, sai ka nemi izinin kowa kafin ka kwafa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

A nan rigimarmu ta taso. Ɗayanmu, mai aikin adana takardu, ta ce mu janye kawai. Hujjarta mai ƙarfi ce. Ta ce a laburaren da rufinsa ke yoyo, inda ake shekara ba a sayi sabon littafi ba, idan muka tsaya gaban jama'a muka nuna wannan abin sha'awa, wani shugaba zai koma ya ɗebi kuɗin littattafai ya sayo tabarau goma, a ɗauki hoto da su ranar buɗewa, a kulle su a kabad. Ta ce alhakin ɗaliban zai hau kanmu. Ɗayan kuma ya ce ko mun janye, masu tallar kayan ba za su janye ba. Za su zo taron da rumfarsu da takardunsu masu sheƙi, kuma ba wanda zai yi musu tambayar da Baba ya yi mana. Kwana uku ba mu yi wa juna magana ba sai gaisuwa.

Abin da ya sasanta mu wani misali ne da ita kanta ta kawo. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta Reporters Without Borders ta buɗe laburare a cikin wasan Minecraft, ta zuba rubuce-rubucen 'yan jaridar da aka hana karantawa a ƙasashe irin su Masar da Rasha. Ta ce wannan ta yarda da shi, domin akwai dalilin da ya sa aka yi shi a can: mai karatu zai iya isa ga abin da aka toshe masa ta wata ƙofar. Sai muka tambayi kanmu, mu mene ne dalilinmu? Muka tuna da rubuce-rubucen da ke Arewa House a Kaduna da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da kayan da ke Gidan Makama a Kano. Ɗalibi a Damagaram ko Kumasi zai so ya gan su, kuɗin mota da wahalar hanya su hana shi. Takardar da ta tsufa kuma kowane taɓawa rage mata kwana yake yi. Akwai amfani, in dai asalin kayan yana hannunmu, ɗakin da ke cikin kwamfuta kuma ya zama wurin baje koli kawai.

Sai muka yage ta farko muka rubuta sabuwa. Mun nemi mutum ashirin da huɗu, uku-uku a kwamfuta takwas. Ba tabarau, ba dogaro da intanet ɗin zauren taro, domin duk mun san halinsa. Za mu yi amfani da OpenSimulator, manhaja ce ta kyauta wadda kowa ke iya ɗorawa a kwamfutarsa, mu kafa 'yar duniyarmu a kwamfutar tafi-da-gidanka guda, sauran su haɗu da ita a cikin ɗakin. Awa ta farko ta koyon tafiya ce da magana, a yi karo da bango a yi dariya a wuce wurin. A awa ta biyu kowace ƙungiya za ta gina ɗan wurin baje koli da hotuna biyar, ta rubuta musu bayani, ta amsa tambayar baƙon da ya shigo.

Awa ta uku ita ce dalilin taron. Ba tare da gargaɗi ba za mu sanar cewa nan da minti talatin za a rufe duniyar. Kowace ƙungiya ta fitar da abin da za ta iya, ta rubuta abin da ta tsira da shi da abin da ta rasa. Sannan mu kashe kwamfutar a gabansu. Bayan nan za mu nuna musu cewa manhajar tana iya naɗe wuri sukutum a fayil guda, a ajiye a filashi, a sake buɗe shi a wata kwamfutar. Kowa zai koma gida da tambayoyi huɗu a rabin takarda, waɗanda zai yi wa duk mai tallar da ya zo ofishinsa: filin na wa ne, ana iya fitar da kaya, a wane irin fayil, kuma wa zai biya kuɗin shekara mai zuwa.

Mun kuma sa labarin ɗakinmu da ya ɓace a sakin layi na biyu. Wannan ya fi komai yi mana nauyi, domin waɗanda za su karanta sun san mu, wasu ma su ke zama a kan maganar ƙarin girmanmu. Amma ba mu ga yadda za mu koya wa mutane tsoron asara muna ɓoye tamu ba.

Da muka mayar wa Baba, ya karanta sau ɗaya ya miƙo mana. Ya ce, "Wannan ta fi kama da aikinmu. Amma ku rage kalmomin, kwamiti ba ya son dogon zance." Muka ce, "To, Baba." Muka rage.

Har yanzu ba mu ji daga kwamiti ba. Gurbin taron bita kaɗan ne, masu nema da yawa, kuma mun san takardar da ta yi alƙawarin laburaren gobe ta fi tamu daɗin karantawa. Idan ba a ɗauka ba, mun yi shawara za mu gwada a laburaren ɗayanmu wata Asabar, da kwamfutocin da muka samu, mu yi karo-karo mu sayi man janareta.

Kafin nan, ga roƙonmu. Duk wanda ya ɗora wani aiki a dandalin da ba nasa ba, hotuna ne, sauti ne, bayanai ne, ya daure ya sauke kwafi a wannan makon, ya ajiye a wuri biyu, ya kuma faɗa wa abokin aikinsa inda ya ajiye. Kada ya ɗauka wani ya riga ya yi. Mu haka muka ɗauka.

Allah Ya jiƙan malamin da ya karanta mana, Ya sa mu dace.